Adireshin Aro da Kuɗin Tsufa

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, na yi sama da shekara uku ina yin wata ƙarya wadda ban taɓa buɗe baki na furta ta ba. A rubuce take, a cikin kwamfutar wani kamfanin dillancin hannayen jari a Amurka, kuma layi biyu ce kacal: lambar gida da sunan titi a birnin Houston na jihar Texas, gidan da tun ƙarshen 2019 ban sake kwana a cikinsa ba. Labarin yadda na goge waɗannan layuka biyu, da abin da gogewar ta jawo mini, shi nake son kawowa a yau, domin na san akwai 'yan'uwa da yawa da suka yi aiki a can suka dawo gida, kuma suna zaune a kan irin wannan tabarma.

Na je Amurka karatu, na kuma zauna na yi aikin injiniya daga 2011 zuwa 2019, da farko a Columbus ta jihar Ohio, daga baya a Houston. Ban taɓa zama ɗan ƙasa ba, ban kuma karɓi katin zaman dindindin ba. Da bizar aiki na zauna har wa'adinta ya ƙare, daidai lokacin da jikin mahaifiyata ya fara rauni, sai na tattara iyali muka dawo Kano. Abin da na bari a baya shi ne kuɗin da aka riƙa cirewa daga albashina don tanadin tsufa.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai san tsarin ba. A can mafi yawan ma'aikatan kamfanoni ba su da fansho irin wanda iyayenmu suka sani. Abin da ake da shi asusu ne da ake kira 401(k), sunan da ya samo daga lambar wani sashe na dokar haraji da aka shigar a 1978. Ana cire wani kaso daga albashinka kafin a lissafa haraji, kamfaninka ya ƙara nasa a kai, a zuba a hannayen jari. Akwai kuma IRA, wanda dokar 1974 ta ƙirƙiro, shi kuwa kai da kanka kake buɗewa a kamfanin dillancin da ka ga dama. Sai na uku, Roth IRA, wanda ya zo da dokar 1997 kuma aka sa masa sunan Sanata William Roth na jihar Delaware. A cikinsa kuɗin da ka riga ka biya wa haraji kake zubawa, idan ka tsufa ka ɗiba ba a sake taɓa ka. Gwamnati ba ta yin wannan rangwame a banza. Sharaɗinta shi ne kada ka taɓa kuɗin sai ka kai shekara 59 da rabi, in kuwa ka yi gaggawa, ban da harajin da za ka biya akwai tarar kashi 10 cikin ɗari, sai fa a wasu 'yan halaye da doka ta keɓe. Ni an haife ni a 1981, ke nan sai 2040 ƙofar za ta buɗe mini, in da rai.

Ranar da zan taso, wani abokina da muke sallar Juma'a tare ya ba ni shawara wadda kowa yake ba kowa a irin wannan lokaci. Ya ce, "Malam, kada ka kuskura ka gaya musu ka bar ƙasar. Sa adireshina, duk takardar da ta zo zan ɗauki hotonta in tura maka." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, ni ma da sauƙin zuciya na karɓa. Na riƙe lambar wayar Amurka ta intanet, na kuma sauke wata manhaja da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Duk lokacin da zan duba asusuna daga falona a Kano, sai na fara kunna ta, domin kwamfutar kamfanin ta ɗauka ina Texas. Ban taɓa kiran wannan ƙarya ba. Dabara nake ce masa. Kuɗina ne, gumina ne, ba na wani na ɗauka ba. Da wannan nake lallashin kaina, kuma lallashin yana aiki, sai dai a 'yan daƙiƙun nan da nake jiran manhajar ta haɗu, waɗanda a cikinsu nakan ji kamar mai haura katangar gidansa da dare don kada maƙwabta su gan shi.

A azumin 2023 ina zuwa tafsiri a masallacin unguwarmu, sai karatu ya kawo kan aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wato ayar bashi, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma. Malam ya daɗe a kanta. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda ya nuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a kan takarda ta sauka, da marubuci, da mai shifta, da shaidu, da kuma hana wanda haƙƙi yake kansa tauye wani abu a cikin abin da yake faɗa a rubuta. Bayan an tashi na bi shi har bakin mota na warware masa halin da nake ciki, ina fatan ya ce babu komai tunda dukiyata ce.

Sai ya tambaye ni, "Injiniya, da za su san inda kake zaune, za su bar maka asusun yadda yake?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina zaton ba za su bari ba."

Ya ce, "To ka ga ke nan moriyar abin da ka ɓoye musu kake ci. Dukiyar taka ce, amma yarjejeniyar ta ku biyu ce." Ya ƙara tuna mini abin da malaman fiƙihu suka tabbatar tun da daɗewa, cewa Musulmin da ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da amincinsu, ba ya halatta ya ha'ince su a mu'amala, domin amincin da suka ba shi alƙawari ne a wuyansa. Bai ce in yi kaza ba. Ya shiga mota ya tafi.

Bayan Sallah da mako guda na canza adireshin, na kuma cike fom ɗin da ake kira W-8BEN, wanda da shi baƙon da ba ya zaune a Amurka yake shaida wa hukumar harajinsu matsayinsa. A ƙasan fom ɗin, sama da wurin sa hannu, an rubuta cewa mai sa hannu yana yi ne bisa sanin hukuncin rantsuwar ƙarya. Na sa hannu da sanyin zuciya. Ba a yi wata guda ba saƙo ya iso daga kamfanin da ke riƙe da IRA ɗina da Roth ɗina: daga yau ina iya sayarwa, ina iya fitar da kuɗi, amma ba zan sake sayen komai ba, kuma suna shawartata in nemi wani wurin.

Na yi fushi a ranar, amma da na natsu sai na ga ba zaluntata suka yi ba. Kamfanin da zai sayar wa mazaunin wata ƙasa jarin haɗaka yana iya faɗawa ƙarƙashin dokokin waccan ƙasar, ga kuma nauyin bincike kan halasta kuɗin haram, wanda ya ƙara tsanani a kanmu domin a Fabrairun 2023 hukumar FATF ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido, ba a cire ta ba sai a Oktoban 2025. Mutum ɗaya mai 'yan dubban daloli a Kano bai kai wahalar da za su sha a kansa ba. Ciniki ne, kuma sun yi lissafinsu.

Daga nan aka shiga neman mafaka. Na tuntuɓi kamfanoni da dama, amsar kusan iri ɗaya ce: ba sa buɗe sabon IRA ga wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazauni ba. A daidai wannan lokaci ne kuma, a Yunin 2023, aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta yi tsalle daga ɗari huɗu da wani abu zuwa sama da ɗari bakwai, a farkon 2024 kuma ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar. Duk ɗan'uwan da ya ji labarin sai ya ce, me kake jira? Kwaso kuɗinka ka sayi filaye. Yayana ma har ya fara nuna mini wani fegi a hanyar Zariya. Na zauna na yi lissafi a kan 401(k) kaɗai, wanda a lokacin yake da kimanin dala 84,000. Mazaunin Amurka idan ya ce a ba shi kuɗin a hannu, kashi 20 ake riƙewa. Ni baƙo kashi 30 za a riƙe, domin babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka da za ta sassauta mini, wato dala 25,200 tun kafin kuɗin su bar can. Sai tarar kashi 10, dala 8,400. Gaskiya ne wani ɓangare na abin da aka riƙe yana iya dawowa idan mutum ya cike takardar haraji ta 1040-NR a shekara mai zuwa, amma wannan tsuntsu ne da ke sama. Na ga cewa in na bi shawarar, zan ƙone wani babban yanki na wahalar shekaru don kawai in huta da cike takardu. Na kuma san halina da halin gida: kuɗin da ya shigo hannu a Kano, tsakanin biki da suna da asibiti, ba zai ga 2040 ba.

Mafita ta zo ta inda ban zata ba. Ina binciken tsofaffin takardu sai na ci karo da wata wasiƙa ta 2012. A watan Afrilun wannan shekara, mutumin da ya cike mini takardun haraji ya ce in zuba dala 2,000 a IRA don a rage mini abin da zan biya, na buɗe a wani kamfani daban, na zuba, na manta da shi ɗungurum. Na kira su bayan la'asar, lokacin da safiya ta yi a can, na fara da gaya wa matar da ta ɗauka gaskiyar inda nake zaune kafin ta tambaya. Ta ajiye ni a layi kusan rabin sa'a, ta dawo ta ce: sabon asusu ba za su buɗe mini ba, amma wanda yake akwai tun ina mazauni yana nan, zan iya shigo da kuɗin ritaya irinsa a ciki, zan iya sayen hannayen jari da kuma asusun haɗaka da ake cinikinsu a kasuwa, waɗanda ake kira ETF. Na yi hamdala. Mai karatu ya lura, wannan ƙa'idar kamfani ce ba dokar ƙasa ba, kowane kamfani da tasa, kuma suna canza ta yadda suka so. Abin da aka yarje mini ba lallai a yarje wa wani ba.

Hanyar ɗauke asusu daga wannan kamfani zuwa wancan iri biyu ce, kuma a nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Ta farko, a ba ka kuɗin a hannunka, kai kuma ka zuba a sabon wuri cikin kwana 60. Idan kwana 60 suka wuce ko da da yini ɗaya ne, an ɗauka ka cire kuɗin ke nan, haraji da tara sun hau kanka. Ko ka cika wa'adin ma, abin da aka riƙe na haraji sai ka cike gurbinsa daga aljihunka, in ba haka ba shi ma a lissafa shi a matsayin wanda ka cire. Kuma tun daga 2015 sau ɗaya tak ake yarda a yi irin wannan tsakanin IRA da IRA a cikin wata goma sha biyu. Ga wanda yake Kano, da bankunanmu da jinkirin aika kuɗi, wannan hanya wasa da wuta ce. Ta biyu ita ce kamfani ya miƙa wa kamfani kai tsaye, kuɗin ba su bi ta hannunka ba, babu abin da ake riƙewa, babu wa'adi. Tsakanin dillalai akwai wani tsarin na'ura mai suna ACATS, wanda ke ɗauke hannayen jarin yadda suke ba tare da an sayar ba, kuma daga sabon kamfanin ake fara buƙatar, ba daga tsohon ba. Yawanci mako guda ya ishe shi.

Ni nawa wata biyu ya ɗauka, saboda harafi ɗaya. A tsohon kamfanin an rubuta sunana na farko da "o" kamar yadda yake a fasfona na da, a sabon kuma da "u", sannan a ɗaya sunan mahaifina ne a tsakiya, a ɗayan harafinsa na farko kawai. Na'ura ba ta san cewa mu duk ɗaya muke kiransu ba. Sau biyu tana mayar da buƙatar. Aka ce in kawo wani hatimi na musamman da bankunan Amurka ke bugawa don lamunce wa sa hannu, wanda ake kira Medaliyan, abin da ba a samunsa a nan. Bayan kiraye-kirayen da suka cinye mini katin waya mai yawa, suka amince da takardar rantsuwa da aka shaida a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja, haɗe da hoton fasfo biyu, tsoho da sabo. Na kwana a Abuja saboda wasali guda. Da aka gama, tsohon kamfanin ya cire dala 75 kuɗin sallama, ya sayar da gutsattsarin hannayen jarin da ba su cika ɗaya ba, sauran suka bayyana a sabon wuri wata safiyar Talata.

Na 401(k) kuwa ba ya bin wancan tsarin na'ura. Masu kula da shi suka ce cek za su rubuta da sunan sabon kamfanin, don amfanin wane, amma ƙa'idarsu ita ce su aika shi ta gidan waya zuwa adireshin da ke cikin fayil. Adireshin da ke cikin fayil kuwa yanzu Kano ne, da hannuna na sa shi. A ƙarshen Oktoban 2023 suka sayar da komai suka sa takardar a ambulan. Mako bakwai ina zarya gidan waya. A cikin waɗannan makonni ne kasuwar hannayen jarin Amurka ta yi wani irin tashi na ƙarshen shekara, ni kuwa dukiyata tana cikin wani buhun wasiƙu tsakanin nahiyoyi biyu, ba ta ƙaruwa da ko sisi. Ba zan ɓoye ba, akwai daren da na zauna da kalkuleta ina lissafa abin da ya wuce ni, har zuciya ta raya mini cewa da adireshin Houston yana nan, da kwana uku ya isa. Na yi istigfari, amma lissafin na riga na yi shi, kuma adadin yana nan a kaina har yau. Da cek ɗin ya iso, na riƙe shi a hannu, takarda mai dala dubu tamanin da wani abu wadda ko biredi ba za ta saya mini ba tunda ba sunana ne a kai ba, na ɗauki hotonsa, na mayar da shi Amurka ta kamfanin kai saƙon gaggawa. Kwana biyar ya yi a komawa.

Sai da kuɗin suka taru a wuri ɗaya sannan na fuskanci abin da ya fi adireshi nauyi. Tun ranar da na kama aiki a Houston, ban taɓa zaɓar inda za a zuba kuɗina ba, saboda haka aka sa ni a inda ake sa duk wanda bai zaɓa ba: wani asusun haɗaka mai ɗauke da shekarar da ake zaton zan yi ritaya. Irin wannan asusu yana haɗa hannayen jari da takardun bashi masu kuɗin ruwa, kuma da gangan aka tsara shi yadda duk shekarar da ka matso tsufa kason takardun bashin yana ƙaruwa. Wato da na bar shi, da ina ƙara kusantar kabari ana ƙara nutsar da ni a cikin abin da aya ta 275 zuwa ta 279 ta Baƙara suka yi kashedi a kansa. Abin mamaki a harshenmu, kalmar riba ta ciniki da riba ta haram rubutunsu ɗaya ne, sai a furuci ake rarrabewa. A takardar da ake turo mini duk wata uku ma haka suke, adadi ɗaya a ƙasan shafi. A ɓangaren hannayen jarin kuma akwai bankuna da kamfanonin giya da na caca, tunda asusun kasuwar gaba ɗaya yake saye.

Ba zan ce ban sani ba. Na sani sama-sama, irin sanin da mutum yake kauce wa zurfafa shi. Kuma hanya tana nan tun da daɗewa: asusun Amana ya fara aiki a Amurka tun 1986, ma'aunin Dow Jones na kasuwar Musulunci ya fito a 1999, a 2019 kuma aka fara cinikin ETF irin su SPUS da HLAL waɗanda ake tacewa bisa sharuɗɗan shari'a. Tacewar mataki biyu ce. Ana fara fitar da kamfanin da asalin sana'arsa haram ce, sannan a duba littafin sauran. A ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, bashi mai kuɗin ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga na haram kuma kada ya wuce kashi 5, shi ma sai mai jari ya fitar da kasonsa ya rabu da shi. A ganina wannan rangwame ne na larura, ba tsarki ne cikakke ba, kuma akwai malamai masu daraja da ba su yarda da shi ba sam, suna cewa kaɗan ɗin ma kuɗin ruwa ne. Ina girmama maganarsu. Na bi ra'ayin masu halattawa da sharaɗi, ina sane da cewa sauƙin da ke cikinsa yana daga abin da ya ja ni. Abu ɗaya da ya taimaka shi ne, saye da sayarwa a cikin IRA ba ya jawo haraji, don haka a yini guda na sauya komai.

Na baya kuma fa? Na koma wurin Malam da rahotannin shekara-shekara. Ya ce in ƙiyasta da rinjayen zato, in ɗan ƙara a kai don kokwanto, in fitar ba da niyyar neman ladan sadaka ba. Tunda ba zan iya ciro shi daga asusun ba sai da tara, daga albashina na nan nake biya kaɗan-kaɗan, ina sayen magani ga marasa lafiyar da aka rubuta wa suka kasa saye. Batun zakka ma mun taɓa shi. Wasu malamai na ganin a fitar duk shekara a kan abin da zai rage bayan haraji da tara, wasu na ganin sai ranar da kuɗin suka shigo hannu, suna kwatanta shi da bashin da ba a karɓa ba. Na ɗauki na farko don ya fi kwantar mini da hankali, ko da yake a shekarar da Naira ta faɗi ya matse ni ƙwarai.

Saura fom guda, kuma shi ne ya fi hana ni barci: na wanda zai karɓi kuɗin idan na mutu. A dokar Amurka wannan fom yana gaba da wasiyya. Sunan da ke kansa shi za a ba, ko me mutum ya rubuta a wani wuri. A 401(k) kuma dokar tarayya ta sa matar aure ce mai karɓar duka, sai in ta sa hannu a gaban shaida ta yafe. IRA ba shi da wannan tilas na tarayya. Ke nan ɗauke kuɗin da na yi ya fitar da uwargidana daga kashi ɗari, ba tare da ta sani ba. Na ga bai dace ta ji wannan daga bakin wani bayan raina ba, sai na zaunar da ita bayan isha'i, na ɗauko takarda na yi rabon a gabanta yadda ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka tsara. Mahaifina ya rasu. Akwai mahaifiya, da mata, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mata tumuni, wato kashi 12.5; mahaifiya sudusi, 16.67, kowane namiji 28.33, mace 14.17.

Ta dubi takardar ta daɗe, sannan ta ce, "Baban Abba, wato da ka mutu bara, duk ni za a ba?"

Na ce haka ne.

Ta ce, "Kai ka kwanta a kabari lafiya, ni ka bar ni da haƙƙin Hajiya da na marayu a hannu, ga dangi suna kallo. Rubuta yadda Allah Ya ce." Sai kuma ta yi dariya ta ƙara da cewa in tabbata na rubuta sunanta da wasalin da ke cikin fasfonta, don ita ba za ta kwana a Abuja ba.

Na cike fom ɗin, amma na san gyara ne na wucin gadi. Magada ranar mutuwa ake saninsu, ba ranar cike fom ba. In Hajiya ta riga ni, ko aka yi mana haihuwa, lissafin ya rushe sai an sake. Fom ɗin kuma bai san bashi da wasiyya ba, waɗanda shari'a ta gabatar a kan gado, don haka na rubuta wata takarda daban da shaidu biyu, cewa duk wanda aka ba wani abu daga can, amana ce a hannunsa har a biya bashi a daidaita rabo. Akwai kuma abin da 'yan'uwa da yawa ba su sani ba: baƙon da ba mazauni ba, idan ya mutu ya bar dukiya a Amurka, irin su hannayen jarin kamfanoninta, dala 60,000 kawai ake yafe masa daga harajin gado, abin da ya haura haka ana iya cin sa har zuwa kashi 40, kuma kamfani yakan riƙe dukiyar sai magada sun kawo takardar sallama daga hukumar haraji. Na yi tunanin Abba, wanda yanzu yake sakandare, yana wannan kiraye-kirayen da na yi, da Turancinsa na makaranta, yana cikin zaman makoki. Wannan matsala ban warware ta ba. Abin da na iya shi ne na rubuta komai da Hausa dalla-dalla, sunan kamfani, lambar asusu, sunayen fom-fom da abin da za a ce idan an kira, na sa a fayil ɗin da uwargida ta san inda yake.

Wani abokin aikina a nan da na ba shi labarin ya yi mamaki, ya ce shi cikin 'yan kwanaki ya nemi a sauya masa kamfanin fansho. Gaskiyarsa: tun Nuwamban 2020 hukumar PenCom ta buɗe wa ma'aikata damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara, a 2021 kuma ta fito da Asusu na Shida wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa. Na tambaye shi ko ya koma na shidan, ya ce bai taɓa dubawa ba. Ban ce masa komai ba, don ni ma shekara takwas na yi ban duba ba.

Roth ɗin nan kuwa yana nan a tsohon kamfanin har yanzu. Ba a zuba Roth a cikin IRA na gargajiya, ni kuma ba ni da wani Roth a ko'ina, ba kuma za a buɗe mini sabo ba. Hannayen jarin da ke ciki na tace su, na sayar da waɗanda ba su tsallake ba, kuɗinsu suna zaune ba zan iya sayen komai da su ba, kamfanin kuma yana ɗora musu 'yan daloli na kuɗin ruwa duk wata ko ban nema ba. A ƙarshen kowane wata nakan buɗe asusun daga falona, ba tare da waccan manhaja ba, in rubuta adadin a littafi, in canza shi zuwa Naira a farashin ranar, in haɗa da kuɗin magani. Fom ɗin W-8BEN da na sa wa hannu a 2023 wa'adinsa ƙarshen Disambar 2026 ne, domin shekara uku yake yi bayan shekarar sa hannu. Na rubuta ranar da jan biro a bangon fayil ɗin, a ƙarƙashin lambar wayar kamfanin.